Yadda Ake Ɗaga Toyota Hilux a Sa Mata Manyan Tayoyi

Mai motar da ke bin hanyoyin karkara da damina, ko kuma wanda ke ratsa rairayi a lokacin rani, yakan kai matsayin da zai ga cikin motarsa yana taɓa ƙasa, daga nan sai tunanin ɗaga ta da sa mata manyan tayoyi ya zo masa. Wannan bayani ya ɗauki Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, ƙirar da aka yi daga 2005 zuwa 2015 wadda ake kira Vigo, kuma kusan duk abin da za a faɗa a kanta ya shafi ƙirar da ta biyo bayanta. Gabanta yana da hannaye biyu a kowace ƙafa, na sama da na ƙasa, tare da shokazoba wadda sifirin ya naɗe, bayanta kuwa aksil ne guda, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, haɗe da sifirin mai falle-falle. Wannan bambanci tsakanin gaba da baya shi ne yake tsara dukkan aikin.

Kafin a taɓa sifana, wajibi ne mai mota ya fahimci cewa wurin da ya fi kusa da ƙasa a bayan motar shi ne tukunyar da ke tsakiyar aksil, wadda makanikai ke kira difarenshal, kuma babu wani sifirin da zai ɗaga ta, komai tsayinsa, domin a kan taya take zaune kai tsaye. Taya ce kaɗai take nisanta ta da ƙasa. Sifirin da shokazoba suna ɗaga shasi da bodi, suna hana bamfa da tsakiyar mota karo da tudu, suna kuma samar wa babbar taya wurin juyawa. Saboda haka ana fara zaɓen taya ne, sannan a ɗaga motar daidai gwargwadon abin da tayar take buƙata, ba a ɗaga mota tukuna sannan a shiga neman tayar da za ta cike ramin ba.

Zaɓen taya da lissafinta

Lambobin da ke jikin taya suna ba da tsayinta idan aka san yadda ake karanta su. A tayar da aka rubuta wa 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, 265 faɗinta ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 17 kuma girman wili ne a inci. Idan aka ninka tsayin gefen sau biyu aka haɗa da girman wilin, za a sami kusan milimita 776, wato inci 30.6. Tayar 265/70R17 tana kai milimita 803, ta 285/70R17 kuma, wadda ake yi wa laƙabi da inci 33, tana kai kusan milimita 831. Wasu motocin sun zo da wili mai inci 15 ko 16, don haka kowa ya duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ya yi nasa lissafin daga nan.

Abin lura shi ne, rabin ƙarin tsayin ne kawai yake komawa tazara tsakanin mota da ƙasa, tunda ɗaya rabin yana sama, cikin madigadi. Wanda ya koma 265/70R17 ya ƙaru da milimita 13 ko 14, wanda ya koma 285/70R17 kuma ya ƙaru da kusan 27. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a hanyar da manyan motoci suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya, amma ya kamata a auna shi da abin da zai ci. Taya ta farko tana shiga da ɗan gyara kaɗan, wani lokaci ma ba tare da an ɗaga motar ba. Ta biyu kuwa kusan kullum tana buƙatar ɗagi, da canjin wili, da yanke ƙarfe a bayan ƙafar gaba. A ganina, ga motar da ake neman abinci da ita, tana ɗaukar buhuna tana kuma hawa kwalta, 265/70R17 tare da ɗagin inci 2 ita ce madaidaiciyar hanya, kuma a kanta za a gina sauran bayanin, tare da nuna inda inci 33 ke buƙatar ƙarin aiki.

Bayan girma sai ƙarfin ɗaukar kaya, wanda lambar da ke biye da girman take nunawa. Lamba 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, lamba 115 kilo 1,215, lamba 121 kuma kilo 1,450, kuma bai halatta a sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa wa motar ba. Taya mai alamar LT tana da kaurin gefe, tana jure ƙaya da duwatsu, sai dai ta fi nauyi kuma tana sa mota tauri idan babu kaya. Game da zane, mai alamar A/T ta dace da wanda ke raba tafiyarsa tsakanin kwalta da burji da rairayi, ita kuwa M/T mai manyan haƙora ta taɓo ce, tana da ƙara a kwalta, tana saurin cinyewa, kuma a rairayi mai laushi takan haƙa rami maimakon ta bi sama. Mai sayen taya 'yar kwatano ya duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: idan ya ga 2322, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2022. Tsohuwar taya mai kyan zane tana iya fashewa a zafin kwalta na watan Afrilu. A sayi guda biyar iri ɗaya har da safaya, domin idan aka sa giyar ƙafa huɗu alhali taya ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi, ƙarfin zai taru a cikin giya da shaf, wato sandunan da ke juya ƙafafu, har wani abu ya karye.

Wili yana da nasa sharaɗin. Na Hilux rami shida ne a kan da'irar milimita 139.7, kuma ramin tsakiya milimita 106 ne da ɗan ɗigo. Akwai kuma lambar da ake rubutawa da ET a bayan wili, wadda ke nuna yadda tayar za ta shige ciki ko ta fito waje. Na kamfani yana wajen +30. Taya mai faɗin 285 a kan irin wannan wili tana iya gogar hannun sama, idan kuma aka sa wili mai fitowa waje sosai, kamar mai sifili ko ƙasa da haka, tayar za ta riƙa zana babbar da'ira idan aka murɗa sitiyari, ta daki bamfa a gaba da maɗaurin bodi a baya, sannan ta ƙara wa boris nauyi. Wanda ya tsaya a faɗin 265 ya riƙe wilinsa na asali, ya huta.

Awo da shiri

A tsayar da motar a wuri mai shimfiɗe, da kayan da ta saba ɗauka kullum, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a ƙafafu huɗu, a rubuta. Ana aunawa daga tsakiyar wili ne domin kada girman taya ko iskarta su shiga lissafin. Za a ga baya ya fi gaba tsayi, kuma da gangan kamfani ya yi haka domin motar ta daidaita idan an yi mata lodi, don haka kuskure ne a ɗaga gaba har ya zo daidai da baya a motar da ke ɗaukar kaya. Daga nan a duba boljoyin, wato gaɓar da ta haɗa hannu da kan ƙafa, da tayarod mai kai juyin sitiyari ga ƙafa, da bushin hannaye, da boris, da robar shaf. Duk wanda ya fara lalacewa a canza shi yanzu, domin babbar taya za ta ƙarasa shi cikin ɗan lokaci, kuma ba za a iya saita ƙafar da ke da sako-sako ba.

Hanyoyin ɗaga gaba biyu ne da aka fi bi. Ta farko ita ce sa zoben ƙarfe a saman shokazoba, wanda yake da arha, kuma saboda shokazobar tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, zoben yana ɗaga motar fiye da kaurinsa, kusan ninki biyu, abin da ke sa masu sa zoben inci 2 su tarar motarsu ta wuce inda suka nufa. Ta biyu ita ce sayen sabuwar shokazoba da sifirin da aka ƙera domin wannan tsayi da nauyin motar, kuma ita ce ta fi dacewa da motar da ke shan wahala. Kowacce aka bi, milimita 40 zuwa 50 ita ce iyakar da gaban Hilux ke karɓa cikin sauƙi. Idan aka wuce haka, shaf ɗin gaba yana karkacewa sosai, robarsa tana tsagewa, boljoyin na sama yana kai ƙarshen juyawarsa, ƙafar kuma tana rasa sararin sauka cikin rami, sai motar ta riƙa bugawa. A nan sai an sayi wasu hannayen sama. Akwai kuma ɗaga bodi daga kan shasi da kushin, amma wannan yana taɓa sandar sitiyari da lagireto da bamfa, kuma ba a buƙatarsa a aikin da ake magana a kai.

Kayan aikin su ne jak mai ƙarfi, da matokaran ƙarfe aƙalla biyu, da sifanoni, da abin cire boljoyin, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, da man sassauta tsatsa wanda ya kamata a fesa wa notuna tun daren jiya. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo ba matokari ba ne, domin yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Aikin gaba

A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a sassauta notunan wili tun motar tana ƙasa, sannan a ɗaga gaba a ɗora shasi a kan matokarai, ƙafafun biyu suna reto. Bayan an cire tayoyin, a kwance sandar da ke hana mota tangaɗi daga ɓangarorin biyu, a kuma kwance maƙalan da ke riƙe da tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, idan motar tana da ita, domin kada su ja idan ƙafar ta sauka. A tallafi hannun ƙasa da jak, a raba boljoyin na sama, kuma a ɗaure kan ƙafar da waya ko igiya a jikin shasi, saboda idan aka bar shi ya faɗo waje zai zare shaf daga mazauninsa, kuma mayar da shi wani aiki ne dabam. Sai a cire babban ƙarfen da ke riƙe da shokazoba a ƙasa, da notuna uku na sama. Noti na huɗu da ke tsakiya ba a taɓa shi a wannan mataki, domin shi ne yake riƙe da sifirin a matse, kuma ƙarfin da ke cikin wannan sifirin ya isa ya kashe mutum.

Idan sabuwar shokazobar ta zo a haɗe, sai a sa ta kawai. Idan kuwa sai an ɗauke hular sama daga tsohuwar an mayar kan sabuwa, to a kai wa garejin da ke da injin matse sifirin na tsaye, kada a yi da ƙananan maƙatan da aka yi domin ƙananan motoci. A duba ko an yi wa sifirin ɗin alamar hagu da dama, domin wasu kamfanoni suna tsawaita na ɓangaren da ya fi nauyi. A sa notunan sama, a daidaita ramin ƙasa ta hanyar danna hannun ƙasa a hankali, a zura ƙarfen a ɗaure shi da hannu kawai, a mayar da boljoyin da sabon fil mai hana noti kwancewa, sannan a mayar da maƙalan birki. Kafin a sa taya, a bar ƙafar ta sauka iyakarta, a murɗa sitiyari zuwa ƙarshen hagu da ƙarshen dama, a tabbatar tiyon birki yana da sauran sassauci kuma hannun sama bai zauna a kan sifirin ba.

Aikin baya

A nan ma hanyoyin sun bambanta a daraja. Sabon sifirin mai falle-falle da aka zaɓa bisa nauyin kayan da motar ke ɗauka shi ne mafi inganci. Ƙara falle guda yana ɗagawa yana kuma ƙara tauri. Doguwar shakul, wato maratayin ƙarshen sifirin, tana ɗaga motar da kusan rabin tsawon da aka ƙara mata. Ƙarfen da ake cusawa tsakanin aksil da sifirin shi ne mafi arha, amma yana ba aksil damar murɗa sifirin idan aka taka wuta a rairayi, kuma ɗora biyu a kan juna ganganci ne.

A ɗora shasi a kan matokarai a gaban sifirin, a tallafi aksil da jak, kuma a yi ɓangare ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, domin aksil ɗin ya zauna a inda yake. A cire shokazoba, a kwance ƙarafan nan masu siffar U da suka ɗaure aksil da sifirin, a sauke aksil kaɗan ana lura da tiyon birki, sannan a cire shakul da ƙarfen gaba a fitar da tsohon sifirin. Wajen sa sabon, a tabbatar ƙarshen da ya kamata ya kalli gaba shi ne a gaba, kuma ƙusar tsakiyar sifirin ta faɗa cikin raminta a kan aksil, in ba haka ba motar za ta riƙa tafiya a karkace. Ƙarafan U sababbi ake sawa, tunda tsofaffin sun riga sun miƙe a ɗaurin farko, kuma ana ɗaure notunansu a gicciye, kaɗan-kaɗan. Shokazobar baya ma sai an sa mai tsawon da ya dace, domin gajera za ta zama ita ce ke riƙe aksil duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami.

Akwai abin da makanikai da yawa ke tsallakewa. Hilux da yawa na wannan ƙira suna da wani bawul a baya mai siririyar sanda da ta haɗa shi da aksil, wanda aikinsa shi ne ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta yi nauyi ta zauna, da rage shi idan babu kaya. Da zarar an ɗaga baya, bawul ɗin zai ɗauka motar fayau take ko da an cika ta da buhuna, sai birkin baya ya yi rauni. Maganinsa shi ne a ɗaga maƙalin sandar a kan aksil daidai da yawan ɗagin da aka yi. Idan kuma bayan aikin aka ji motar tana karkarwa lokacin tashi daga tsaye, kusurwar furofela ce ta canza, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksil ɗin baya, kuma sauke maratayin tsakiyarta da 'yan milimita yakan kawar da matsalar.

Ɗauri, gwaji da saiti

Sai an sa tayoyi an sauke motar a kan ƙafafunta, an girgiza ta, an tura ta gaba da baya, sannan ake ƙarasa ɗaure duk wani ƙarfe da ya ratsa bushin roba, wato ƙasan shokazoba, da shakul, da idon sifirin. Idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe koyaushe kuma za ta yage cikin 'yan watanni. Notunan wili ana ɗaure su a gicciye da sifana mai awo, a kan abin da littafin motar ya faɗa, wanda a Hilux yake wajen 105 a ma'aunin Nm, ba da hawa kan sifana da ƙafa ba. Mai facin taya ya yi wa dukkan biyar balansin, domin babbar taya tana nuna ƙaramin rashin daidaito a sitiyari.

Gwajin guga shi ne matakin da ke bambanta aikin ƙwarai da na gaggawa. Ɗagi bai canza iyakar da ƙafa za ta iya hawa sama ba, saboda haka tayar da ba ta taɓa komai a gareji tana iya cin madigadi idan motar ta faɗa kwazazzabo da kaya. A hau tudu da ƙafa ɗaya har ta matse sosai, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a yi haka a gaba da kuma ribas, mutum ɗaya yana kallo daga gefe. Ga 265/70R17, abin da aka fi samu shi ne gogar robar kare laka da robar cikin madigadi, kuma cire ta farko da dumama ta biyu a tura ta ciki yakan wadatar. Ga inci 33 kuwa, maɗaurin bodi da ke bayan ƙafar gaba ne yake tsaya wa tayar, kuma sai ƙwararren mai walda ya yanke kusurwarsa ya rufe da farantin ƙarfe, domin wannan wuri yana cikin abin da ke riƙe da ɗakin fasinja. A gwada safaya a mazauninta na ƙarƙashin bodi tun yanzu, saboda babba ba lallai ta shiga ba.

Daga nan kai tsaye sai wurin saitin ƙafa na kwamfuta, kada a bari sai wani mako. Ɗagi yana canza karkatar taya da yadda sitiyari ke komawa tsakiya da kansa, kuma tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita ba saiti ta isa ta cinye gefen sabuwar taya. A kuma sauke hasken fitilun gaba idan ya hau sama, don kada ya kashe wa masu tahowa ido.

Motar da ta fito daga wannan aiki ba za ta yi hali irin na da ba. Maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudun gaskiya, da kashi 3.4 cikin ɗari a 265/70R17 da kusan kashi 7 a 285/70R17, ma'ana idan allura tana kan 100, motar tana kan 103 ko 107, kuma lissafin kilomita na canjin mai ma zai ragu da haka. Babbar taya tana sa giya ta yi tsawo, don haka tashi zai yi nauyi, shan mai zai ƙaru, kuloci zai ƙara aiki, kuma injin fetur mai lita 2.7 ya fi jin wannan fiye da na dizal mai lita 3.0. Wanda ya sa inci 33 yana kuma jan kaya ya yi tunanin canza haƙoran difarenshal na gaba da na baya tare, da kusan kashi 7 ɗin da tayar ta ƙara. Nisan tsayawa idan aka taka birki yana ƙaruwa, kuma tunda nauyin motar ya hau sama, kwana da gudu da lodi a kan rufi sun fi haɗari fiye da da.

A rairayi mai zurfi ana rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin PSI domin tayar ta shimfiɗe, ana tafiya a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, kuma ana mayar da iskar kafin a hau kwalta, wanda ke nufin geji da famfon iska su zama cikin kayan motar. Bayan kilomita 100 na farko a sake bin notunan wili da sifana mai awo, bayan kusan 500 kuma a sake ɗaure ƙarafan U da shakul, a duba robar shaf ko ta fara zubar da giris, sannan a sake auna ƙafafun huɗu a kwatanta da awon farko, domin sabon sifirin yakan zauna da 'yan milimita, kuma idan ya zauna da yawa sai an koma wurin saiti.